Kyamara mai jure ruwa a garin rairayi: ta ci kuɗinta kuwa?

 

Yau maganar kayan aiki za mu yi. Tun lokacin da muka fara haɗa labaran da muke karantawa a rediyo da hotuna a nan, tambaya guda ke ta dawo mana. Ƴan wata fada sun yi ta, wata ƙungiyar masu garka a kwari ta aiko da ita, wani mushe na lakwal ɗin ƙauye ma ya tsare mu da ita ranar kasuwa. Sun ji labarin wata ƙaramar kyamara, aparai ɗin da ke shiga aljihu, wadda ruwa ba ya shigarta, in ta faɗi ba ta fashewa. Suna son sani: hotonta ya fi na waya? In an tara kuɗin asusu an saye ta, ba a yi asara ba?

Kuɗin asusu ba abin wasa ba ne, gumin mutane ne. Shi ya sa muka ƙi ba da amsa a tsaitsaye. Mun karanta abin da kamfanonin suka rubuta, mun kuma ari irinta wajen wani abokinmu mai aiki da masu dashen tsare rairayi, muka yi yawo da ita tare da wayar aiki. Amsarmu a taƙaice ita ce: a yawancin lokuta hotonta bai fi na waya mai kyau ba, wani sa'in ma wayar ce ke gaba. Abin da mutum ke biya shi ne juriya. Sauran maganar ita ce wa ke bukatar wannan juriya, kuma nawa ta kai.

Wani zai ce me ya haɗa ɗan rediyo da hoto. To ai Bahaushe ya gama magana da ya ce gani ya kori ji, kuma mu masu sana'ar ji mun fi kowa sanin zafin wannan karin magana. Za ka yi minti goma kana kwatanta yadda rairayi ya binne dabino har wuya, mai saurare a Yamai ya ce ƙari ne irin na ƴan jarida. Ka sa hoto guda, shi ke nan gardama ta mutu.

Ruwa, a Gure?

Da muka ambaci maganar a fada, dariya aka fara yi. Wani ya ce garin da ruwan samansa na shekara bai cika wuce milimita 300 da wani abu ba, wata uku damina ta tattara, ina shi ina kyamarar ƴan ninƙaya? Gaskiya ne, an ƙera su ne don masu shiga teku da masu hawan duwatsun ƙanƙara. Amma robar da ke hana ruwa shiga ita ce ke hana ƙura shiga, kuma ƙura ita ce damuwarmu ta kowace rana.

Wannan farin buji da ke rufe mu tun daga Nuwamba har wajen Maris, mafi yawansa daga gabas yake tasowa, daga wani ƙaton kwari a arewacin Chadi da ake kira Bodele, inda tsohon tafkin Chadi ya ƙafe tun dubban shekaru. Masana sun ce babu wuri guda a duniya da ya kai shi tayar da ƙura. Iskar hunturu ce ke kwaso ta, mu kuma muna kan hanya. Ƙura ce mai laushi kamar garin kwalli, duk inda iska ta shiga tana shiga. Ku tambayi masu gyaran waya a kasuwa abin da suke tararwa in sun buɗe: bakin caji ya toshe, lasifika ta shaƙe, makirfo ya daina ɗaukar murya sosai.

Ƙaramar kyamara ta gama-gari, irin wadda idonta ke fitowa waje in an kunna ya koma in an kashe, ta fi shan wahala. Wannan shiga da fita tamkar zugazugin maƙeri ne, kowane motsi yana zuƙar iska da ƙurarta zuwa ciki. Wata rana sai ka ga baƙin tabo a kan kowane hoto, ko idon ya maƙale ya ƙi komawa. Ita kuwa mai jure ruwa, duk motsin gilasanta a ciki yake faruwa, bayan wata taga da aka like. Babu abin da ke leƙowa waje.

Ga wani abu da zai amfani kowa, ko da waya ce zai saya. A jikin kwali za ku ga an rubuta IP da lambobi biyu, misali IP68. Lamba ta farko ta ƙura ce, daga 0 zuwa 6, kuma 6 na nufin ƙura ba ta shiga sam. Ta biyu ta ruwa ce: 7 na nufin ta jure nutsewa mita guda na minti 30, 8 kuma ya fi haka. In kun ga X a gurbin lamba, ba a ba da shaidar gwajin wannan ɓangaren ba. Mu mutanen Gure, lambar farko za mu fara dubawa.

Su wane ne a kasuwa

Kasuwar kyamara ta ruguje tun da waya ta fara ɗaukar hoto. Ƙungiyar kamfanonin kyamara ta Japan ta ƙidaya guda miliyan 121 da aka fitar a 2010, a 2023 kuwa ba su kai miliyan 8 ba. Cikin ƙananan da suka tsira har da waɗannan masu jure wahala, don suna yin abin da waya ke tsoro.

Wadda ta fi suna ita ce Tough ta kamfanin Olympus. Samfurin TG-6 ya fito a 2019. Daga baya Olympus ya sayar da sashensa na kyamara, sabon kamfanin ya fitar da TG-7 a 2023 da sunan OM System. Kusan abu ɗaya ne su biyun: suna jure ruwa har zurfin mita 15, faɗuwa daga mita 2.1, dannewar nauyin kilo 100, da sanyi har digiri 10 ƙasa da sifiri. Akwai na Ricoh, waɗanda yanzu ke fitowa da sunan Pentax WG, masu ƴan fitilu shida kewaye da ido don haska abin da ke kusa. Akwai Nikon W300 ta 2017 mai zurfin mita 30, da Fujifilm XP140 ta 2019, waɗannan sai dai a same su na hannu. Akwai kuma Kodak WPZ2, wadda ta fi su araha nesa ba kusa ba.

Sai dai ku lura da wani layi da aka rubuta da ƙananan haruffa a littafin Tough: zafin da aka yarda ta yi aiki a cikinsa ya tsaya a digiri 40. Mu da muka san Afrilu da Mayu a nan, inda ma'auni ke haura 40 a inuwa, mun san abin da wannan ke nufi. Sun yi mata shirin ƙanƙarar da ba mu da ita, zafin da muke da shi kuwa sai mai ita ya kula da kansa. Kada a bar ta a gaban gilashin kat-kat da rana, kada a rataye ta a wuya tana shan rana tun hantsi har la'asar. A naɗe ta cikin rawani ko a sa ta a jaka, a fito da ita in an tashi aiki.

Maganar megafiksel

Abu na farko da mai saye ke tambaya shi ne megafiksel nawa. Wayar jika sittin ma yanzu an rubuta mata 50, ita kuwa TG-7 guda 12 ne kacal. Sai mutum ya ce ashe wayata ta ninka ta sau huɗu. Lissafin ba haka yake ba. A cikin kowace kyamara akwai ɗan faranti mai kama haske, wanda masu faransanci ke ce wa kapter. Na waɗannan ƙananan bai fi milimita 6 da ɗoriya a tsawo da 4 da rabi a faɗi ba, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Ku ɗauke shi kamar gona: in ka raba kadada guda ga magada 12, kowa zai sami abin nomawa, in ka raba ta ga mutum 50, gonar ba ta ƙaru ba, rabon kowa ne ya ragu. Shi ya sa ma Olympus da kansa ya sauko daga 16 zuwa 12 a 2017, don kowane ɗigo ya sami haske isasshe.

To tun da farantin ƙarami ne, da haske ya yi ƙasa sai hoto ya fara yin ɗigo-ɗigo kamar an watsa masa tsaki. Waya ma farantinta ba babba ba ne, amma tana da ƙwaƙwalwa mai ƙarfi: in ka danna sau ɗaya, ita hotuna da yawa take ɗauka cikin ƙiftawar ido, ta haɗa su ta fitar da guda mai tsabta. A nan ne kamfanonin waya suka zuba kuɗinsu shekara da shekaru, su kuwa waɗannan kyamarori ba su canja sosai ba.

Abin da idonmu ya gani

Mun gwada ta aro da wayar aiki a wurare biyar, abu ɗaya, lokaci ɗaya.

Na farko, tsakar rana a bakin kwari, daga kan tudu, ga goruba da dabino a ƙasa, ga farar kanwa tana walƙiya a tsakiya. A nan kusan kunnen doki suka yi. Launin kyamarar ya fi kama da abin da ido ke gani, wayar kuwa ta ƙara wa ganye kore, ta ƙara wa sama shuɗi, har wurin ya fi yadda yake kyau. Da muka jawo nesa sai bambanci ya fito: kyamarar na jawowa ninki huɗu da gilashi na gaske, wayar kuwa yanko tsakiyar hoton kawai take yi ta kumbura shi, sai ya dagule. Amma fa ninki huɗu ba wani nisa ba ne. Wanda ke mafarkin ɗauko barewa a dajin Termit da ita, ya haƙura. Wata matsalar kuma, da rana ta take, allon baya ba ya ganuwa sosai, ga shi ba ta da ramin leƙawa, sai ka yi mata rumfa da hannu.

Na biyu, fuskokin dattawa a inuwar bedi, bayansu rana na haskawa. Waya ce ta ci. Ba mamaki, kamfanin Transsion na China, mai Tecno da Itel da Infinix, ya daɗe yana gyara kyamarorinsa don baƙar fata, abin da ya taimaka masa ya mamaye kasuwar Afirka. A hoton kyamarar fuskokin sun yi duhu, sai da muka kunna filasha da rana tsaka sannan suka fito.

Na uku, fada da dare, fitilar sola guda da garwashin shayi. Ba ma sai an faɗa ba, waya ta yi mata nisa.

Na huɗu, a gonar hatsi, inda tsutsa ke cin zangarniya. A nan kyamarar ta nuna ko ita wace ce. Tana iya matsawa har santimita guda daga abu, ta fito da tsutsar ɓaro-ɓaro, da launinta, da layin ɓarnar da ta bi. Wayar da an matsa kusa sai ta rikice. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga manomi, domin malamin gona da ke Gure ko Damagaram ba zai iya ba da shawarar magani a kan hoto mai hazo ba. Haka ciwon fatar raƙumi, haka kaska a kunnen saniya, haka ƙwai da ƙwaro ya zuba a bayan ganye.

Na biyar, ranar da hadari ya taso. Kun san yadda yake zuwa mana: jar iska ta fara, gari ya yi duhu, yashi na dukan fuska, sannan ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Kowa ya cusa wayarsa cikin leda ya tura a aljihu, har da mu. Kyamarar kaɗai ta rage a waje, ta ɗauki bangon ƙurar yana tahowa, ta ɗauki ruwa yana cin gindin katanga. Hotunan ba su da wani kyau na a zo a gani, akwai ɗigon ruwa a kan wasu. Amma su ke nan hotunan wannan rana, babu wasu. Da muka koma gida muka tsoma ta a bokiti muka ɗauraye, yara suna ta salati.

Akwai kuma abin da ke daidaita su duka: rezo. Duk hoton da ka tura ta WhatsApp yadda aka saba, sai an matse shi an rage masa nauyi, Facebook ma haka. Kafin ya isa wayar ɗan uwanka a Tripoli, rabin bambancin da muka lissafa ya ɓace. In hoton na aiki ne, a tura shi a matsayin dokima, wato fayil, ta haka yake isa da cikarsa da bayanan da ke ɓoye a cikinsa.

Lissafin kuɗi

TG-7 ta fito a kan dalar Amurka 550. Da kuɗinmu ya haura jika 300 na sefa, tun ba a sa kuɗin kawowa, da na duwan, da katin memori, da batir na biyu ba. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne tun Janairun 2024, kun ga ke nan albashin wata bakwai ne da ɗoriya. Da wannan kuɗi mai garka zai sayi injin ban ruwa, matashi zai kama hanyar mallakar babur na hannu ya shiga kabu-kabu. Mu dai ba mu taɓa ganinta a kanti a nan ba, sai an yi saƙo daga waje, in kuma ta lalace ba ta cikin abin da mai gyaran waya zai buɗe ya mayar yadda take.

Masu arahar fa? Araha ba ta ado. Suna jure ruwa da ƙura, amma idonsu bai kai buɗewar na Tough ba, haske kaɗan ke shiga, kuma suna da nawa wajen kama abu mai motsi. Na hannu kuwa a yi hattara: robar ƙofofinta na tsufa ta bushe, balle a irin zafinmu, kamfani ma shawara yake bayarwa a canja ta duk shekara. Tsohuwar da robarta ta tsage sunan mai jure ruwa kawai ya rage mata.

Inda take cin kuɗinta

Duk da haka ba za mu ce kada kowa ya saya ba, ga dalili. Shekaru ke nan ana yaƙi da rairayin da ke binne kwaruruka a yankin Gure da Maine-Soroa. Jama'a sun kafa shingayen kalimbo da na karan goruba a kan tuddai, sun dasa itatuwa, an kashe kuɗi, mata da matasa sun sha rana. Wani wuri tudu ya tsaya, ciyawa ta dawo. Wani wuri dabbobi sun shiga, shinge ya zube, rairayi ya ci gaba da tafiyarsa. In ka tambayi mutanen kwari nisan da tudu ya ci a shekara biyar, kowa da itacen da zai nuna maka, kowa da lissafinsa. In baƙi masu proje suka zo, su ne ke ɗauke da hotunan, in wa'adinsu ya cika su tafi da su.

TG-6 da TG-7 da wasu daga cikin Pentax WG suna da GPS a ciki, wanda ke magana da tauraron ɗan Adam kai tsaye, ba ruwansa da rezon waya. Kowane hoto na ɗauke da rana, da sa'a, da ainihin inda aka tsaya. Ku kwatanta ƙungiyar masu garka ta zaɓi wuri guda, ta kafa turke, duk shekara bayan girbi a tsaya a gindinsa a fuskanci tudu a ɗauka. Bayan shekara biyar suna da hujjar da za su ajiye gaban magajin gari, ko ferefe, ko ma'aikatan gandun daji, ba wanda zai ce musu ƙari ne. Waya ma na iya wannan aikin, gaskiya ne. Amma wace waya ce ke shekara biyar a hannun mutum guda a ƙauye? Ta faɗa rijiya, an sayar da ita lokacin rani, an yi mata filashin komai ya goge, ko mai ita ya tafi ci-rani da ita. Kyamara ba a kira da ita, ba a kallon fim, yara ba sa roƙonta don wasa. Wannan rashin daɗin nata shi ne ke sa ta daɗe.

Damina ta 2024 ta koya mana wani darasi. Ambaliya ta kashe mutum fiye da 300 a faɗin ƙasa, ta shafi fiye da miliyan guda, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. A farkon Satumba tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. Yau duk mai son ya san yadda yake, sai ya koma ga hotunan da aka ɗauka kafin ranar. Kuma ga talakan da ɗakinsa ko rumbunsa ya faɗi, hoton da aka ɗauka a ranar, mai kwanan wata, shi ne shaidarsa in masu ƙidayar ɓarna sun iso bayan mako biyu, lokacin da ruwa ya janye.

Mu tuna kuma, Bature ɗan Jamus Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya sauka a Gure a ƙarshen 1852, zamanin Muniyoma Koso. Da alƙalami da takarda ya yi aikinsa, kuma har yau masu binciken tarihin Muniyo suna komawa ga abin da ya rubuta. Jikokinmu fa, me za su koma gare shi? Hotunan da ke cikin wayoyin da suka mutu?

Shawararmu

Ga mutum ɗaya mai son hoton suna, da biki, da sallah, da ƴaƴansa: kada ka taɓa kuɗinka. Riƙe wayarka, saya mata riga mai kauri da jakar roba mai rufewa, ka riƙa goge idonta da ƙyalle mai laushi kafin ka ɗauka. Rabin hotuna masu hazo da ake turo mana, maiƙon yatsa ne da ƙura a kan gilashi.

Ga mai sana'ar hoton biki: wannan ba taka ba ce, aikinka na dare ne da cikin ɗaki, inda ta fi rauni.

Ga ƙungiya, ko gidan rediyo, ko ma'aikacin lafiyar dabbobi mai bin rijiyoyin Tesker, ko kwamitin tsare kwari, waɗanda aikinsu ke cikin iska da yashi da ruwan kanwa: a nan hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In mutum talatin suka haɗa, kowa jika goma sha biyu, za ta yi musu shekaru. Amma da sharaɗi. A ɗora ta a hannun mutum guda amintacce, a buɗe littafin da ake rubuta wanda ya ɗauka da ranar da ya maido. A sayi batir biyu, domin cika guda wajen hoto 300 da ɗoriya take yi, GPS kuma na shan wuta. Kada a buɗe ƙofar batir cikin iska. Ƙwayar yashi guda ko silin gashi a kan robar ya isa ya ba ruwa hanya. In ta shiga ruwan kanwa ko na gishiri, a jiƙa ta cikin ruwan sha na minti goma, a bar ta ta bushe a inuwa kafin a buɗe. Sannan babba duka: duk wata a kwashe hotunan a zuba a kwamfuta da kile, wuri biyu dabam-dabam, da sunan wuri da kwanan wata. In ba za a yi wannan na ƙarshen ba, gara a sayi awaki da kuɗin.

Kalma guda kan ladabi. Kyamara ba lasisi ba ce. A nemi izini kafin a ɗauki mutum, musamman mata a bakin rijiya da yaran mutane. Wanda ɗakinsa ya faɗi yana cikin jimami, a gaishe shi a jajanta masa tukuna. A halin da ƙasa ke ciki kuma, kada wanda ya nufi shingen jami'an tsaro, ko ayarinsu, ko barikinsu da kyamara ko waya. Hoton mai GPS yana faɗin inda aka ɗauke shi, don haka a yi tunani kafin a watsa shi ga duniya.

To jama'a, iyakar abin da muka gani ke nan. Masu garka da suka aiko da tambaya, ku zauna ku auna bukatarku da aljihunku, shawara ce muka bayar, yanke hukunci naku ne. Wanda ya taɓa aiki da irin wannan kyamara a Kelle, ko Bune, ko Gidimuni, ya faɗa mana a ƙasa yadda ta yi masa, shekara nawa ta kai, me ya fara lalacewa. Wanda kuma ke da tsohon hoton wani kwari ko wata unguwa ta Gure, ko na takarda ne, ya taimaka ya turo, mu je mu tsaya a wurin mu ɗauki na yau, mu jera su kowa ya gani. Za mu karanta saƙonninku a shirinmu na gaba in Allah ya kai mu.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana kwarurukanmu. Mu kwana lafiya.